Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Abin Da Na Gani Cikin Jirgin Ruwan Yawon Shaƙatawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili in yi bayani a kan kwana 7 da ni da mai ɗakina muka yi cikin wani katafaren jirgin ruwa a tekun Bahar Rum, domin tun da muka dawo unguwarmu ta Nima da ke Accra jama'a suke ta tambayata, wasu ma har sun fara tara kuɗin tafiya.

Ɗanmu da ke aiki a Italiya ne ya ɗauki nauyinmu. Mun tashi daga Genoa, muka yada zango a Marseille ta Faransa da Barcelona, sannan tsibirin Malta. Saboda sauƙin kuɗi ya kama mana ɗaki na can ciki wanda ba shi da taga, kuma gaskiya ɗakin tsaf yake, da banɗakinsa, kullum ana gyara shi. Amma da zarar an kashe fitila ba ka bambance dare da rana, ga shi babu ladanin unguwa da zai tashe ka, don haka ranar farko sai da hantsi ya dubi ludayi muka yi sallar asuba, abin da ya daɗe yana damuna. Alƙibla ma sai an yi lura, tunda jirgin yana sauya fuska cikin dare. Taswirar da talabijin ɗin ɗaki yake nunawa ce ta taimake ni, daga baya kuma na riƙa hawa saman jirgi da dardumata kafin fitowar rana, lokacin da babu kowa sai ma'aikata masu wanke daɓe.

Abinci kam ba a magana, har ya yi yawa, amma Musulmi sai ya buɗe ido. Naman alade yakan ɓuya cikin taliya da miya, kuma akan zuba giya a wasu girke-girken ba tare da an ga alama ba. Wani ma'aikaci ɗan Indunusiya, Allah ya saka masa da alheri, da ya ga hulata sai ya yi mini sallama a hankali, ya riƙa nuna mana tiren da za mu ƙaurace wa. Shi ne ya ce da tun wajen biyan kuɗi aka sanar da kamfani buƙatarmu, da mun fi samun sauƙi. Kifi da shinkafa muka riƙe, da kwalbar shito, wato soyayyen yajin Ghana, da Hajiya ta dage sai ta taho da ita daga gida. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne farantan da ake bari shaƙe da abinci ana kwashewa, alhali na san gidajen da ba su ɗora tukunya ba a zangonmu.

Wasannin dare akwai na ban sha'awa, musamman masu alkafura, sai dai akwai ɗakin caca da ake buɗewa da zarar jirgi ya bar tasha. Katin da ke buɗe ɗaki da shi ake sayen komai, kuma a ranar ƙarshe muka tarar an lissafa mana tukuicin ma'aikata na kowace rana, wanda babu wanda ya gaya mana tun farko.

Ina kira ga masu shirya tafiye-tafiye a Accra da Kumasi da su riƙa yi wa mutanenmu bayanin ɗaki mai taga, da abincin halal, da waɗannan ƙarin kuɗaɗe, kafin su karɓi ko sidi ɗaya daga hannunsu.

Naku,
Wani mai karatu daga Nima, Accra