Hattara da ƙaramar dabbar teku mai zoben shuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili in ja hankalin 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Ostiraliya da Indonesiya.

Makon jiya ɗana da ke karatu a Sidni ya turo mini bidiyo daga bakin teku. Abokinsa ya ɗaga wani kwanson kifi, sai ga wata 'yar dabba mai hannu takwas, irin da Turawa ke kira oktofus, ba ta cika tafin hannu ba, zobba masu shuɗi suna walƙiya a jikinta. Suna ta dariya. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin shekara 26 na yi ina aikin jinya.

Wannan walƙiyar gargaɗi ce, tana nufin an tsokane ta. Dafinta, tetrodotoxin, shi ne na kifin fugu da ke kashe mutane a Japan, kuma har yau ba shi da makari. Cizon ba ya ma zafi. Cikin 'yan mintoci leɓɓa su mutu, harshe ya yi nauyi, sannan numfashi ya tsaya, mutum yana ji yana gani amma ba ya iya motsa ko yatsa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Idan ta ciji wani, a ɗaure wurin da bandeji tamau, a kira lambar gaggawa 000 a Ostiraliya, a ci gaba da hura masa numfashi baki da baki har motar asibiti ta iso. Wanda aka ɗora kan na'urar numfashi da wuri yakan warke sarai.

Na kira ɗana daren nan, na roƙe shi kada ya sake ɗaukar kwanso da hannu.

Naku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Kaduna