Tsofaffin gidajen Jidda da Bahar Maliya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin maniyyatanmu na Jihar Kebbi kan tsohuwar unguwar Jidda da ake kira Al-Balad, wadda alhazanmu ke ratsawa don sayen tsaraba ba tare da sun ɗaga kai sun dubi gidajenta ba, alhali hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya tun 2014.

A ganina darajar waɗannan gidaje tana cikin yadda teku ya tsara gininsu. Dutsen da aka gina su da shi na murjani ne da aka haƙo daga gaɓar Bahar Maliya, kuma saboda dutse ne mai taushi wanda gishiri da raɓa ke ci, magina sukan jera katako a tsakanin sahun duwatsu domin ya raba nauyin bango, sannan su shafe shi da farar ƙasa. Katakon ma ta ruwa ya zo, a jiragen fatake daga Indiya da Jawa. An miƙar da gidajen sama hawa uku, huɗu ko fiye domin su tari iskar teku, aka yi musu tagogin katako masu ƙananan ramuka da ake kira rawashin, waɗanda ke shigar da iska, su tare rana, su kuma kare mutuncin iyali daga idon masu wucewa. Gidan Nasif, wanda aka kammala a 1881 kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa a 1925, shi ne ya fi shahara, da bishiyar dogon yaro a ƙofar gida.

Abin takaici, an rushe ganuwar birnin a 1947, daga baya kuma aka cike bakin ruwa aka yi tituna, har teku ya yi wa gidajen nisa, dogayen benaye suka tare musu iska.

Mu ma muna da Gidan Nabame, tsohuwar fadar sarki a Argungu, wanda aka gina a 1831, ga kuma garuruwan bakin Neja a ƙasar Yauri da madatsar Kainji ta tayar a 1968. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya ji daga bakin tsofaffin maginanmu yadda suke zaɓen tudu da fuskar ƙofa a kusa da gulbi, tun da sauransu.

Naka,
Mai karatu daga Yauri, Jihar Kebbi