A tsara bututai da iska a takarda kafin a yanka katakon ogan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da ƴan uwana kafintoci da malaman makarantun koyon sana'a a kan wani aiki da na shafe fiye da shekara ina fama da shi a shagona, wato ƙera ogan irin na dandalin wasanni. Akwati ne mai ɗauke da bututan busa masu yawa, zugazugi na ba su iska, wani kwali mai huji-huji kuma yana wucewa ta cikinsa yana zaɓar bututun da zai yi kuka. Kamfanonin Gavioli da Limonaire na birnin Paris da masu ƙira na garin Waldkirch a Jamus ne suka shahara da shi, kuma a shekarar 1892 Anselme Gavioli ya yi rajistar dabarar kwalin nan mai naɗewa kamar littafi. Tun da matasa suka fara ganin hotunansa a YouTube, wasu ke zuwa suna tambayata faɗin katakon da za su saya, ni kuwa ina ganin wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo a ƙarshe.

Da kaina na yi wannan kuskure. Na yanka bututai fiye da 30 saboda zumuɗin jin sauti, kowanne idan na hura shi da baki yana kuka tangaram, amma ranar da na jera su a kan akwatin iska na juya hannun zugazugi, da zarar manya biyu na ƙasa sun buɗe sai ƙananan su shaƙe, muryarsu ta sauka. Katakon lafiyarsa lau, aikin hannun ma babu laifi, lissafin ne ban yi ba tun farko.

Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne waƙoƙin da ogan ɗin zai busa, domin su ne za su faɗi yawan muryoyin da ake bukata. Turawa sun raba tazarar da ke tsakanin murya da ninkinta na sama, wadda zan kira bene, zuwa taki 12, amma ƙananan ogan na titi masu murya 20 ba su ɗauke da dukkan takin, ana zaɓar waɗanda kiɗan ƙasar ke yawan bi ne a bar saura. Nan ne muke da wata dama da ban ga dalilin watsar da ita ba. Galibin waƙoƙinmu na gargajiya a kan muryoyi biyar suke tafiya a kowane bene, saboda haka bututai 11 sun isa su ba mu bene biyu cikakku na amon waƙa, alhali wanda ya bi taki 12 da bututai 11 ko bene ɗaya bai rufe ba. Wanda ya kwafi tsarin Jamus ido rufe zai ɓata katako da iska a kan muryoyin da kiɗan bikinmu ba ya taɓawa. A tsarin da na koma na yi, na ware muryoyi uku na ƙasa masu kauri, shida na tsakiya masu rakiya, 11 kuma na sama masu ɗauke da waƙar, sannan na gayyaci wani mai gurmi ya zauna a shagon muna daidaita kowane bututu da kunne, domin muryar makaɗanmu ba kullum take faɗawa daidai kan takin Turawa ba.

Bayan haka sai batun sahu. Sahu shi ne jerin bututai masu irin amo ɗaya, bututu guda ga kowace murya, kuma akan sa masa wani siririn katako mai huji da ake ja ya buɗe wa sahun iska ko ya rufe. Jan hankalin ogan duka yana cikin wannan sauyi, yadda waƙa ɗaya za ta fito da taushi sannan ta dawo da kaifi. Bututun da aka toshe samansa yana ba da amo mai taushi irin na sarewa, kuma rabin tsawon buɗaɗɗe ya ishe shi ya kai murya ɗaya da shi. Siririn buɗaɗɗen bututu da aka gindaya wa ƴar tagulla a gaban baki, wato tsagar da amo ke fitowa, yana ba da amo mai kama da na goge. Idan aka jera sahu biyu iri ɗaya aka ɗan karkatar da muryar ɗayan kaɗan, sai a ji amon yana karkarwa, abin da ke sa ogan na ƙasar Holan daɗin ji. Akwai kuma masu harshen tagulla a ciki, dangin algaita ke nan a wajen yadda suke kuka, kuma shawarata ita ce mai farawa ya bar su tukuna, zan faɗi dalili a gaba. Ni sahu uku na sa wa muryoyin sama, ɗaya ga na tsakiya, biyu ga na ƙasa, jimilla bututai 45 ke nan daga muryoyi 20. Ya kamata mutum ya ga wannan adadi a rubuce kafin ya je kasuwar katako. Ya kuma sani cewa duk sahun da yake son kwali ya buɗe da kansa sai ya ci layi guda a faɗin kwalin, a ƙara da layin da zai rufe, alhali wanda ake ja da hannu ba ya cin komai.

Tsawo da faɗi suna da ƙa'idarsu. Buɗaɗɗen bututu mai kusan mita 2.4 yana ba da muryar da ke kaɗawa kusan sau 65 a daƙiƙa, rabinsa ya ba da ninkinta, haka har sama. Wannan ne ya sa ake toshe manyan na ƙasa, a lanƙwasa su, a kwantar da su ƙarƙashin akwatin. Faɗin kuwa ba ya raguwa da saurin tsawo: a ƙa'idar da Bajamushe Töpfer ya tsara a ƙarni na 19, sai a murya ta 17, idan ana ƙirga da takin Turawa, yake komawa rabi. Wanda ya rage faɗi daidai da tsawo zai sami na sama siriri marasa ƙarfi. A wajen bakin bututu kuma, a fara yanka shi ƙasa-ƙasa, tsayinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin bakin, a riƙa ƙarawa da wuƙa kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfin iskar, tunda abin da aka sassaƙe ba ya dawowa.

Iskar kanta ana auna ta, kuma ma'aunin yana hannun kowane magini: tiyon nan mai haske na daidaita gini. A lanƙwasa shi kamar ƙugiya, a zuba ruwa, a haɗa kai ɗaya da akwatin iska, sai a auna santimita nawa ruwan ɓangaren nan ya fi na wancan tsawo. Ogan na dandali yana aiki da iska mai ƙarfi fiye da na coci nesa ba kusa ba, domin dole ya rinjayi hayaniyar taro. Abin lura shi ne ruwan ya tsaya cik ko da an buɗe dukkan sahu tare da muryoyin ƙasa. Idan ya faɗi, to ko dai a ƙara girman zugazugi da ma'ajiyar iska, ko a rage sahu ɗaya. A nan Maraɗi ba mu da uzuri a kan fata, domin fatar jar akuyarmu sananniya ce har ƙasashen waje, majemanmu sun iya jima, maƙeranmu kuma sun daɗe suna ɗinka zugazugi da ba ya yoyo. Fatar ƙananan murafan da ke ƙarƙashin bututai, masu buɗe musu iska, ce kawai ke bukatar a fere ta ta yi laushi sosai.

Abin da littattafan Turai ba su shirya mu a kansa ba shi ne yanayinmu. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, kuma yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a kowane digiri. Ke nan bututun da aka daidaita da sanyin safiyar hunturu zai hau fiye da rabin taki a ranar Afrilu mai digiri 40, masu harshen tagulla kuwa ba su hawa haka, sai sahu biyu su rabu da juna a tsakiyar biki. Dalilina ke nan na cewa a bar su tukuna, a kuma bar wa kowane bututu ɗan rarar tsawo da matoshi mai motsi domin a riƙa gyara shi. Iskar hunturu tana tsotse katako har haɗin gam ya buɗe, damina kuma ta kumbura katakon jan sahu ya ƙi motsi. Na ga bututu shida sun tsage a mako ɗaya saboda na yi aiki da katakon da bai gama bushewa ba. Yanzu sai katako ya kwana hunturu guda a shago kafin in taɓa shi, farin katako mai sauƙi ga jikin bututu, madaci ga baki da akwatin iska, kuma ina shafe cikin kowane bututu da siririn gam domin toshe ƴan ƙofofin jikin katako da iska ke yoyo ta cikinsu.

Ina roƙon malaman makarantun koyon sana'a na jiharmu su duba ko za su ba ɗalibai ƙaramin ogan mai sahu ɗaya a matsayin aikin ƙarshen shekara, domin ya haɗa kafinta da baduku da maƙeri da makaɗi a kan teburi guda. Zanen bututai 45 ɗin nan da ma'aunansu suna nan a shagona, kuma duk malamin da ya zo zan ba shi ya kwafa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani kafinta daga Sabon Gari, Maraɗi