Daga Indararon Gidanmu Zuwa Teku: Saƙo ga 'Yan Maraɗi Mazauna Ƙetare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Legas, Kwatano, Lome, Akara da Abijan, da na Aljeriya da Libiya, da na ƙasa mai tsarki, da waɗanda nema ko karatu ya kai Faransa, Beljiyam da Amurka, kwamitin ƙungiya yana gaishe ku, kowa da iyalinsa. Ya aiki, ya baƙunta? Mutanen gida suna lafiya, sai zafin bazara da ya matsa. Gawo ya fara kaɗe ganye, hadari kuma yana haɗowa ta gabas da la'asar, ya yi duhu, sannan iska ta watsa shi. Kun san abin da wannan ke nufi.

Ni aka ɗora wa rubuta wannan saƙo, a kan maganar ambaliyar damina da muka tsaya a kanta a zamanmu na baya. Kowace marka hotuna iri ɗaya ke shigowa wayoyinmu: lungu ya zama korama, katanga ta kwanta, tsohuwa zaune kan tabarma a makaranta da ƙullin kayanta. Mu yi salati, mu haɗa kuɗi, a sayi siminti da buhun hatsi. Badi katangar nan dai ta sake faɗuwa. Wanda ya ga abin da ya auku a ƙarshen watan Agusta na 2024 ba zai manta ba, ranar da ruwa milimita 150 ya sauka a garin cikin awa ɗaya da rabi, aka rasa rayuka 15. Allah ya jiƙansu, ya sa shahada ce. A zaman nan wani dattijonmu ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru. Ya ce, shin a cikinmu wa ya san hanyar da ruwan nan yake bi idan ya fita daga gidansa? Muna ta maganar tare ruwa, ba mu san inda ya dosa ba.

To ga hanyar, daga farkonta.

Maraɗi a kan tudu take, fadama na kwance yamma da ita. Ruwan da ya sauka kan kwano ko soro, ya zubo ta indararo, ya fita ta rariya, ya haɗu da na maƙwabta a lungu, akasarinsa gangaren yamma yake nema. Wanda bai samu hanya ba ya kwanta a kududdufai da wuraren da ƙasa ta lotsa. Wanda ya samu, ya gangara da ƙarfi ta kwazazzaban bakin tudu, yana cin yashi yana tafiya, har ya faɗa gulbi. Duk wanda ya tashi a Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi ko Limanci ya san ƙarar wannan ruwa da dare.

Gulbin namu ba daga ƙasarmu ya taso ba. Daga ƙasar Katsina yake fitowa, can ana kiransa Gada, kuma a kansa aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980. Dattawan fadama za su gaya muku tun daga lokacin gulbi bai koma yadda suka san shi ba. Saboda irin wannan ne Nijar da Najeriya suka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa, kuma gulbinmu yana cikin waɗanda aka ambata da suna. Yana shigowa ta wajen Nyelwa, ya wuce Madarumfa da tabkinta da kaburburan waliyyai, ya bi ta Jiratawa, ya zo ƙarƙashin Maraɗi. Abin lura, duk wannan tafiya arewa yake yi, kamar mai niyyar shiga hamada. Sai ya kai Tsibiri ya karkata yamma, ya wuce Gidan Rumji, ya juya kudu maso yamma, ya fita ta Sululu ya koma Najeriya. Ni dai duk lokacin da na bi wannan lanƙwasa da ido a taswira, tarihinmu nake gani. Daga Katsina sarakunanmu suka zo suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, daga Tsibiri kuma wasunsu suka je suka kafa Sabon Birni. A wajajen Sabon Birnin nan gulbi ke zuba cikin kogin Rima. Sau biyu gulbin yake tsallake iyakar da Turawa suka shata.

Daga nan ya zama ruwan Rima. Ya shiga madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, ya wuce Wurno, ya haɗu da kogin Sakkwato. Ya bi fadamun shinkafa na Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ya wuce Birnin Kebbi, sannan ya zuba cikin Kwara, wato kogin Neja, kogin nan dai da ya ratsa Yamai, wanda ya ba ƙasarmu sunanta. Kwara ya ɗauke shi zuwa Yawuri, ya shiga tafkin Kainji, madatsar da aka gama a 1968, ya juya injinan lantarki a can da kuma Jabba. Wutar da ke shigo mana ta layin Katsina zuwa Gazawa daga tarin wutar Najeriya take, Kainji kuwa na cikin masu zuba wa wannan tari. A Lakwaja ya gamu da Binuwai, ya gangara Anaca, ya rarrabu cikin rassan yankin Neja Delta, ya faɗa tekun Atalantika. 'Yan uwanmu na Legas, Kwatano da Abijan, tekun da kuke gani kullum a hanyar kasuwa shi ne wannan. Na Faransa da Amurka, ku ma gaɓarsa kuke, ta wani gefen.

Ba kowane gari ke da wannan ba. Ruwan Damagaram da na Kano gabas yake nufa, wajen tafkin Cadi, ba ya ganin teku har abada.

Sai dai in faɗi gaskiya, kada wani ya ɗauka duk abin da ya zubo daga indararonsa yana isa can. Kaɗan ne ke isa. Garinmu bai kai mita 400 a saman teku ba, tafiyar kuwa ta fi kilomita dubu nesa ba kusa ba, saboda haka ruwan a hankali yake jan jiki. Rana ta sha nata, madatsu su riƙe nasu, manoman shinkafa da albasa su ɗebi nasu. Gulbin kansa watannin damina kawai yake gudu, da rani yara ƙwallo suke bugawa a cikinsa. Babban rabo yashin fadama ke shanyewa, ya adana shi a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ajiya ita ce rijiyoyin lambu, ita ce zogale da tumatir na Jiratawa, ita ce mangwaron fadama da muke kewa, kuma ƙarƙashin ƙasa garin yake samun ruwan shansa. Nan ne maganar ta fi damuna. Duk abin da ruwa ya kwasa a lungunanmu, ledar shara, baƙin man gareji, ruwan masai da ake saki cikin dare idan hadari ya sauko, mataccen batir, fadamarmu yake fara sauka. Abin da ya wuce nan ya tafi wa mutanen Tsibiri da Gidan Rumji, waɗanda a cikinsu akwai kakanninmu da surukanmu. Tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar nan marar kauri a Nijar, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa sa shebur a magudanar ruwa abin da ya fi fitowa.

Kakanninmu sun taɓa koyon darasin ruwa da tsada. Tsohuwar Maraɗi a cikin fadama take. A 1945 gulbi ya cika ya ci garin, aka tashi aka hau tudu, aka shata sabon gari da manyan hanyoyi. Unguwannin da muke alfahari da sunansu yau, da sunansu suka hauro. Waɗannan mutane sun bar wa ruwa wurinsa. Kududdufan da suka haƙa suka yi tubali da ƙasarsu sun zama masaukin ruwan unguwa, yashin tsakar gida yana shan nasa, itatuwa suna rage masa gudu.

Yanzu bari in zo kanmu, don ba zan ɓoye ba, da hannunmu a ciki. Kuɗin wa ke gina yawancin sababbin gidajen unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo da bayan gari? Da yawa namu ne, mu na waje. Muna aiko kuɗi a saya mana fili, ba mu taɓa ganinsa da damina ba. Dillali ya nuna mana hotonsa a watan Maris, busasshe, shimfiɗaɗɗe, ba wanda ya ce mana kududdufi ne aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce tun zamanin kakanni. Mu ɗaga dandamali ya fi na kowa tsawo, mu malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa don kada a taka laka. Ni mai wannan rubutu na yi haka. Da na gina nawa, na sa aka shafe tsakar gidan kaf, aka fitar da rariya ɗaya babba zuwa lungu. Ban san abin da na aikata ba sai da ƙanena ya kira ni cikin wata marka, ya ce ruwan gidana gaba ɗaya gindin katangar maƙwabciyarmu yake duka, gwauruwa mai marayu, katangarta kuma ta ƙasa ce. Kafin in yi wani abu ɗakinta ɗaya ya zauna. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Na gyara ɗakin, na nemi gafararta, ta ce, "Ba komai ɗana, ruwa na Allah ne." Ruwa na Allah ne, amma rariyar ni na sa aka fasa ta wurin. Daga baya na sa aka fasa rabin simintin, aka zuba yashi da tsakuwa, aka dasa dogon yaro biyu. Ruwan da ke fita lungu yanzu bai kai na da ba.

Wasu a zaman sun ce wannan aikin hukuma ne. Manyan magudanan ruwa da gyaran kwazazzabai, lalle sun fi ƙarfin ƙungiya, kuma za mu ci gaba da kai kukanmu inda ya dace cikin ladabi. Amma rariyar gidanka da kwatar ƙofar gidan mahaifinka ba sai an jira kowa ba. Manoman jiharmu ma sun nuna mana ana iyawa. Tun shekarun 1980 suka koma barin kututturen gawo da kalgo da sabara su sake tofowa a gona, abin da ake kira sassaben zamani, har aka riƙa zuwa daga wasu ƙasashe ana koyo. Inda itace ya tsaya, ruwa yana tsayawa ya nutse.

Ga abin da kwamiti ya yanke. Gudummawar bana za mu tura ta kafin ruwa ya sauka, ba bayan ya yi ɓarna ba. Za a sayi shebur, baro, manjagara, safar hannu da takalman roba, a damƙa su hannun masu unguwanni, a kira gayya ta matasa kamar yadda aka saba, da abincinsu da ruwan shansu. Sharar da aka yaso kuma a ɗauki amalanke a kwashe ta a ranar. Kun sha gani ana yashe magudana a tara ƙazantar a bakinta, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Wannan karon kuɗin kwashewa yana cikin lissafi tun farko. Za a fara da unguwannin bakin gangare, inda ruwan gari duka yake taruwa. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa ta hannun wakilin garin da yake, ba a raina kaɗan, kuma za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a zama na gaba, dala bayan dala.

Sai roƙo na biyu, wanda ba na kuɗi ba ne. Duk mai gida ko fili a Maraɗi, ya kira wanda ke kula masa da shi cikin wannan mako. Ya tambaye shi ina ruwan gidan yake fita, katangar wa yake duka, ko tulin yashi da tsakuwar gininsa sun tare lungu. Mai shirin sayen fili ya sa a duba masa shi a watan Agusta, ya kuma tambayi tsofaffin wurin, su suka san inda ruwa yake kwana. Mai gini ya bar wa tsakar gida ƙasa ko da rabi ne, ya dasa itace. Iyayenmu mata da ke cikin ƙungiya, muna neman ku yi magana da na gida kan zuba shara a kwata idan hadari ya taso, don maganarku ta fi tamu shiga. Malamanmu kuma, a taimaka a ambata a wa'azi, haƙƙin maƙwabci ne.

Wakilai su aiko da sunayen unguwannin da iyalansu suke, da wuraren da ruwa ya fi tsayawa bara, don mu san inda za a kai kayan aiki. Wanda zai zo gida kafin damina ya sanar da mu, muna son idon ɗan ƙungiya a wurin ranar gayya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare garinmu da mutanensa, ya maido kowa gida lafiya.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamitin ƙungiya