Zuwa ga iyayen yaranmu, kan maganar tallafin korona da ƙarin kuɗin raino

Assalamu alaikum iyaye, ya gida ya yara. Allah ya raya mana su.

Na so in yi shiru amma maganar ta yi yawa, har a gidan suna na ji ana cewa wai gwamnati ta ba mu kuɗin korona mun danne, sannan muka zo muna ƙara kuɗin raino. Wallahi abin ya min ciwo, shi ya sa na ce bari in rubuto kowa ya ji daga bakina.

Eh, akwai tallafin Survival Fund da gwamnatin tarayya ta buɗe a Satumba 2020, kuma masu makarantun kuɗi aka fara yi wa rajista. Mun cike fom, mun saka takardar rajistar kasuwanci ta CAC da BVN ɗin ma'aikata. Amma ko sisi bai biyo ta hannuna ba, asusun ma'aikata ake turawa kai tsaye, albashin wata uku ne kuma mutum goma ne iyaka, mu ko in aka haɗa da masu raino da mai girki da mai shara da baba mai gadi mun wuce goma. An gode, ya rufa wa wasu asiri. Sai dai ku tuna tun Maris aka rufe mu sai Oktoba aka buɗe, duk tsawon lokacin nan ba yaro ko ɗaya, kuma mai gidan da muke haya bai yafe mana ko wata ɗaya ba, da muka je roƙo ma cewa ya yi shi ma iyali gare shi, ƙarshe ƙari ya yi mana. Ga fetur a shekarar 2020 ɗin ya kai naira 160, ga kuɗin wuta ya tashi, kuma kun san jariri ba ya zama a ɗaki ba fanka, dole a tada janareta. Ban ma kawo sabulu da sanitaiza da bokitan wanke hannu da na'urar auna zafin jiki ba, duk daga aljihunmu.

Muna kan duba yadda za a sassauta, in sha Allahu za ku ji mu. Wanda abin ya yi wa nauyi ya zo ofis mu zauna, don Allah kar a cire yaro a kai shi wani wuri ba a faɗa mana ba, kamar ba a taɓa sanin juna ba.

Hajiyarmu ta bayan masallaci, ke da kika kawo mana ɗan farinki yana wata huɗu ga shi yau yana sakandare, da malaman asibitin nan da kuka ci gaba da biya alhali ƙofa na rufe, ban manta ba. Allah ya saka da alheri.

Ranar Litinin ƙofa a buɗe take ƙarfe bakwai kamar kullum.

Taku,
Shugabar gidan raino