Umma, dan Allah kar a yaye shi yanzu

Assalamu alaikum Umma,

Da fatan kuna lafiya, ya Baba da ƙafar tasa, ya Goggo, ya su Yaya da iyalinsa, ya mutanen gidan Kawu na Tudun Wada. Auta ke za ki karanta wa Umma wannan, ki samu waje ki zauna ki karanta shi duka kar ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki, in kin gama kuma ki tura wa Yaya, dan maganar yaye ɗansa Abba ƙarami ce ta sa na rubuto. A yi haƙuri da tsawonsa, kiran ne ba ya yiwuwa, netwok ɗin nan sai da tsakar dare in an tsaya a bakin ofis, shi ma sai mu ƙare a "kina jina, kina jina" har data ta ƙare ba mu faɗi komai ba.

Ni dai lafiya lau alhamdulillah, sai zafi, wanda zafin Zariya na watan azumi wasa ne a kansa. Garin da nake sunansa Adre, can ƙarshen Chadi ta gabas, dab da iyakar Sudan. Daga Njamena jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya muke hawa zuwa Abeshe, daga nan sai mota, in damina ta sauka kuma kwari ya cika da ruwa sai mota ta kwana a bakinsa ana jiran ya janye. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 mutanen Darfur suke kwararowa nan, yawanci daga garin Junaina da ke can tsallake, galibinsu mata da yara, wasu a ƙafa wasu a amalanken doki. Abin tausayin ma akwai tsofaffin sansanoni irin su Farshana da suke nan tun 2004, yaran da aka haifa a cikinsu yanzu su ma sun haifa.

Abinci kam ba na wahala sosai, tuwon gero ne da miyar busasshiyar kuɓewa kamar a gida, sai zoɓo da suke ce wa karkanji, da shayi mai sukarin da zai sa haƙori ciwo. Daddawa ce babu irin tamu. Kuma Umma kin san me, rannan ina duba wani yaro ina fama da guntun Larabcina sai na yi tuntuɓe na ce "wash Allah na", kawai wata tsohuwa ta ɗago ta ce min "ke 'yar ina ce?" da Hausa! Hausarta wata iri, tsohuwa, duk ta gauraye da Larabci. Ashe kakanninta mahajjatan ƙafa ne, ta wannan hanyar suke bi zuwa Makka, guzuri ya ƙare suka zauna noma a Sudan, zaman kenan. Da na ce mata Zazzau sai ta ce ta sha jin sunan a bakin kakarta. Wallahi sai da na koma bayan tanti na share hawaye.

Toh bari in gyara wata magana, Auta ta ce Goggo tana gaya wa mutane wai ina dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Goggo ko tukunya ba na taɓawa, duk karatun da na yi a Samaru ba na girki ba ne. Aikina yara masu tamowa, daga wata 6 zuwa shekara 5. Muna da wani ɗan tef kamar na tela mai kala uku, ana zagaya shi a damtsen yaro, tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. In ya nuna kore lafiya, in ruwan ɗorawa ne wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5 an fara shiga matsala, in ja ne, ƙasa da 11.5, wannan yaron yana cikin hatsari ko da yana wasa. Ni ke koyar da ma'aikata da su kansu iyaye mata yadda ake awon, in duba katin kowane yaro, in lissafa kayan da za su ishe mu, da daddare kuma in zauna gaban kwamfuta ina rubuta rahoto sauro na cina.

Maganin da muke bayarwa in kin gani sai kin yi dariya, gyaɗa ce fa Umma. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya, a 'yar leda mai nauyin giram 92, Plumpy'Nut ake ce masa, a Faransa aka ƙirƙiro shi wajen 1996, aka yi amfani da shi sosai a yunwar Nijar ta 2005 wajen Maraɗi. Ba a dafawa ba a sa masa ruwa, yaro ya tsotsa kawai, shi ya sa uwa za ta iya jinyar ɗanta a gida ta riƙa kawo shi awo duk mako. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya zai sha ya warke kenan cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kullum na buɗe katan sai in tuna gonakin gwajin gyaɗa na cibiyar binciken noma ta Samaru da muke wucewa, da tunkuzar da kike matsewa kina ƙuli, wai abin da muke da shi a tsakar gida shi ake ɗaukowa a jirgi.

Amma ba kowane yaro ke iya shan ledar ba. Akwai wani da aka kawo mana watan jiya, shekararsa ɗaya da rabi, kumatu sun cika, ƙafa ta yi suntum, uwar har tana cewa ita ƙanwarsa ta kawo, shi ai ƙato ne. Na kama ƙafafunsa biyu na danna babban yatsana a bayan kowace na ƙirga ɗaya biyu uku na ɗaga, Umma ramin ya zauna kamar an danna tuwo mai sanyi. Ruwa ne ba tsoka ba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya kuka sosai sai wani ƙunci, ka miƙa masa abu ya kau da kai. Muka kwantar da shi. Irin waɗannan ba a ɗura musu abinci, jikin ya riga ya saba da babu, in aka cika shi lokaci guda zuciya ba za ta ɗauka ba. Wata madara ce mara ƙarfi ake fara ba su, F-75, kaɗan kaɗan duk awa 2 ko 3 har cikin dare, a lulluɓe su dan sanyi na kashe su ko a garin nan mai zafi, a ba su maganin ƙwayoyin cuta, ko maganin ƙarin jini ba a bayarwa a kwanakin farko. Da kumburin ya fara saɓewa nauyinsa ya ragu, uwar ta tada hankali ta naɗe tabarmarta wai mun ramar mata da ɗa za ta tafi, sai da tsohuwar nan mai Hausa ta zaunar da ita ta yi mata magana da yarensu. A kwana na shida ina wucewa ya miƙo hannu ya fizgi biron da ke aljihuna ya yi murmushi, nas ɗin da ke wajen ta buga guɗa. Mu a nan in yaro ya yi murmushi mun san ya juyo. Ba duka ke juyowa ba, wannan kam ba zan rubuta shi ba.

Toh Umma ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Hoton Abba ƙarami da Auta ta turo ranar Juma'a, wanda kowa ke ta cewa masha Allah ya yi kumatu, ni na buɗe shi na ƙara girmansa na kalla ya fi sau goma ban yi barci ba. Ƙila idona ne ya lalace da aiki, kowane yaro na gani sai in hau auna shi da ido, ko a filin jirgi haka nake yi. Amma gashin gaban kansa ya canza min, kuma Auta ta ce ya yi gudawa sau biyu a watan nan. Sannan na ji wai matar Yaya ta yi rurrutsa, an yanke shawarar a cire shi a nono a kawo miki shi yaye a satin nan, ga shi watansa 14 kacal.

Umma na san ba ni zan koya miki raino ba, ke kika raine mu mu bakwai, kuma na san abin da aka gada ke nan, wai nonon mai ciki guba ne yana sa yaro zawo. Dan Allah ki yi min afuwa amma ba haka ba ne. Nonon bai lalace ba, sai dai ya ɗan ragu, in dai cikin lafiya yake kuma likita bai hana ba za ta iya ci gaba da ba shi, ita dai a ƙara mata abinci. Abin da ke kayar da yaro shi ne a wayi gari an shafa wa nono maɗaci an raba shi da uwarsa rana ɗaya, ya yi ta kuka ya ƙi cin komai, sai koko tsararo da ake ɗura masa, zawo ya biyo baya, sai a ce ai ga shi nan dama ya sha nonon ciki. Kin san ita kanta kalmar kwashiyoko, sunan wannan tamowar mai kumburi da na ba ki labari, daga Gana ta fito, yaren mutanen Akara, ma'anarta ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Tun da daɗewa mutane sun lura da abin, sai dai aka ɗora laifin a kan nono. Kuma Baba ya fi ni sanin ayar da ta ce shekara biyu cikakku, a tambaye shi.

In ma dole sai an yaye shi to a bi a hankali, a rage na rana a bar na dare, kuma a bar shi kusa da uwarsa. A yi masa kwanonsa shi kaɗai, kar a haɗa shi da su manyan yaran nan, kafin ya kai loma ɗaya sun sheƙe kwanon. Kunun ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a sa gyaɗa ko garin waken soya da ɗan mai. A ba shi wake da aka dafa ya yi luguf, alala, awara, zogale a miya, ɗan manja, hanta in an samu, busasshen kifi a daka a barbaɗa. Da ƙwai, Goggo, ƙwai! Ba ya sa yaro sata wallahi, ni nan da kika hana ni ai ke kin san wa ke ɗauke na zabin Baba. A ba shi abinci sau 3 ko 4 a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani kamar gwanda ko ayaba. Duk wannan a kasuwar Sabon Gari ko nan bakin Ƙofar Doka za a same shi, ba sai an sayi abincin gwangwani mai tsada ba.

Auta, yau ɗin nan ba gobe ba, ki danna bayan ƙafafunsa duka biyu kamar yadda na faɗa, ki ƙirga uku, ki ɗauki bidiyo ki turo min. In rami ya zauna kar a jira ni kar a jira Yaya ya dawo kasuwa, kar a tsaya jiƙe-jiƙe ko a kira wanzami, a hau Keke a kai shi asibiti, in ta kama a wuce babban asibitin Shika. Na ba wata abokiyar aikina da za ta je hutu Kaduna tef guda 5, za ta ba direba a tashar Kawo ya kawo, ki riƙe ɗaya ki raba sauran a maƙwabta, zan nuna miki awon ta WhatsApp, minti biyu ne.

Maganar kuɗi, na turo wa Yaya na maganin Baba da na makarantar Auta, na ƙara wani abu a kai na ƙwai da madarar matarsa ne, kar ya shiga kuɗin siminti. Umma ki yi min addu'a, tun da Amurka ta janye yawancin tallafinta a farkon 2025 aikin agaji ya shiga wani hali, an sallami wasu abokan aikinmu, mu da muka rage kwantiragin wata shida shida ake ba mu. Ranar da na fi tsana ita ce ranar lissafin sito, in tsaya ina ƙirga katan ina ƙirga yara. Wani lokacin kuma sai in ga ledarmu a kasuwa ana sayarwa, da sai raina ya ɓaci, yanzu na daina, uwa mai yara biyar da ba ta da ko sabulu me zan ce mata.

Zancen da Goggo ta aiko na wancan mutumin na Gyallesu na ji, a bari in zo tukuna, ban ce e ba ban ce a'a ba. In Allah ya yarda ina sa ran hutu bayan damina. Abokiyar tawa za ta dawo nan da mako uku, dan Allah a haɗa min daddawa da kuka da yajin nan naki mai citta, a ɗaure sosai a leda biyu dan wancan karon duk kayana sai da suka yi warin daddawa har cikin jirgi ana kallona. A gaida Baba sosai, a ce masa ya rage hawa mashin ɗin nan. Auta ina jiran bidiyon, zan fito bakin ofis ƙarfe 11 na dare.

'Yarki.