Wasiƙa daga Ohayo: hannuna ya daina rawa

Ohayo, Amurka
Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Mutumina Sadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da amarya. Har gobe amarya zan ce, ko da ta tara maka 'ya'ya goma. Laifina na sani, ba sai ka karanto min ba: wata 3 ke nan ban ce maka uffan ba, saƙonka na murya kuma yana nan na saurara har sau biyu.  Bari dai in fara sauke abin da ke cina, don tun ranar Laraba nake neman wanda zan ba labarin nan da Hausa, ban samu ba.

Sadi, na yi wa mutum 41 allurar rigakafin mura a wuni guda. Ni ɗin nan da ka sani, wanda ya sulale daga ɗakin gwaji a Samaru ranar da aka miƙo mana ɓera da sirinji, har kai da Bala kuka yi shekara kuna kirana Likitan Ɓeraye. To, ku nemi wani sunan.

Ka san a nan famasis, wato mai harhaɗa magunguna, shi ke yi wa jama'a allurar rigakafi, doka ta yarda a duk jihohi 50, mu ɗalibai kuma ana barinmu mu yi idan akwai babba tsaye a kanmu. Kafin a ba ka dama sai ka yi kwas na awa 20, ka kuma nuno takardar koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ranar ƙarshe ta kwas ɗin ce babu daɗi: a haɗa ku biyu-biyu, kowa ya soki ɗan'uwansa sau 3 da ruwan gishiri, biyu a tsoka, ɗaya ƙarƙashin fata. Wanda aka haɗa ni da shi wani ɗan manoma ne, hannunsa kamar taɓarya, amma wallahi ban ji shigar allurarsa ba. Ni kuwa da na zo yi masa, sai da ya ce in ajiye in sha ruwa tukuna.

Ranar Laraba aka shimfiɗa mana tebura a babban zauren ɗalibai, tun ƙarfe 9 layi ya kai bakin ƙofa. Kowane tebur da auduga, da sifirit, da filasta, da jan kwandon jefa allura. Maganin yana cikin kula mai ma'aunin sanyi, ana dubawa ana rubutawa, kada ya sauka ƙasa da digiri 2, kada ya haura 8. In ya daskare, ya tashi aiki, sai zubarwa. Aikin kansa in an faɗa maka kamar wasa: ka laluba ƙashin saman kafaɗa, ka sauko yatsu biyu zuwa uku, ka soka a tsaye cak cikin naman dantse, ka tura rabin mililita. In ka yi sama da yawa ka shiga gaɓar kafaɗa, mutum ya yi watanni ba ya iya ɗaga hannu, kai ne sanadi. Abin da ya hana ni barci daren Talata ke nan. Kuma ka tuna yadda aka koya mana a ja sirinji baya a ga ko jini zai biyo? A nan sun ce a allurar rigakafi babu buƙata. Babban yatsana har yanzu gardama yake yi min.

Ta farko da ta zauna gabana wata dattijuwa ce baƙar fata, cikin masu sharar ginin, da tsintsiyarta ta jingine a bango. Na karanta mata tambayoyin fom, na goge dantse, na ɗauko sirinji, sai na ji malamar da ke kula da mu ta taɓa min gwiwar hannu. A hankali ta ce, shekararta nawa? Na duba takarda: 67. Kunya ta rufe ni. Daga 65 zuwa sama akwai tasu daban da aka fi so a ba su, wadda muke da ita ƙarfinta ninki 4 ne na ta kowa, saboda garkuwar jikin tsoho ba ta saurin amsawa. Na san wannan, na ci shi a jarrabawa, amma ga mutum a gabana sai kaina ya ɗauke. Na canzo, na dawo, hannu na ta kaɗawa kamar mazari. Matar nan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ja numfashi. Ni za a soka, ba kai ba." Na yi bismilla a zuci na soka. Ta ce, har an gama? Sadi, da ba don idon jama'a ba da na rungume ta.

Daga na biyar hannu ya zauna. Na 19 ne ya so ya mayar da ni gidan jiya. Wani ƙato ne, irin masu wasan ƙwallon nan nasu na ture-ture, kujerar ma da ƙyar ta ɗauke shi. Ina manna filasta sai na ga fuskarsa ta yi fari fat, idanu sun juye, ya tafi luuu. Na ce shi ke nan, na kashe ɗan mutane a ƙasar mutane, gobe sunana a jarida. Malama ko gezau. Muka kwantar da shi, aka ɗaga ƙafafunsa, bai fi minti ɗaya ba ya buɗe ido yana tambayar ina yake. Tsoron allura ne kawai, ba maganin ba. Dalilin da ya sa ake zaunar da kowa minti 15 kafin ya tafi ke nan. Aka ba shi lemo, ya roƙe mu kada abokansa su ji. To ga shi Kano ta ji.

Na san me kake cewa yanzu: duk wannan bidiri a kan mura? Ni ma haka na ce shekarar da na zo. Matsalar daga bakinmu take, kalma ɗaya muke da ita. Wadda ke sa ka atishawa kwana uku ka sha citta da kanumfari ka warke, mura. Wadda ke kayar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta gangara huhun tsoho ko mai asma ko mai ciki, ita ma mura. A nan ta biyun suna kiranta fulu, kuma kowane sanyi tana kwasar dubban rayuka. Tana tsananta ne tsakanin Disamba da Fabrairu, jiki kuma yana buƙatar kamar mako 2 bayan allura kafin ya shirya, shi ya sa ake son kowa, daga ɗan wata 6 zuwa sama, ya yi kafin Oktoba ta fita. Bara ta kama ni a watan Janairu, kwana 6 ina kwance ni kaɗai a ɗaki, babu mai miƙo min ko kunu. A nan na tuna Inna tana cewa uwarta ta ba ta labarin shekarar marisuwa, da ake rasa masu ɗaukar gawa. Ashe ita ce annobar 1918, ta sauka Legas ta jirgin ruwa ta biyo layin dogo har Arewa. Mun taso muna jin sunan kamar tatsuniya, ban taɓa haɗa shi da abin da muke karantawa a aji ba sai ina rawar ɗari a gadon nan.

Abin da ke burge ni shi ne ƙwayar cutar ba ta zama wuri ɗaya, kullum sauya kama take, don haka allurar bara ba ta yi wa bana aiki. Tun watan Fabrairu Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama ta hasaso irin da za su yi yawo a sanyi mai zuwa, sannan kamfanoni su shiga renon su, akasari cikin ƙwan kaji. Wata shekara hasashen ya dace sosai, wata shekara ya ɗan kauce. Ta bana iri 3 ce a ciki maimakon 4, domin ɗaya daga cikinsu, mai suna Yamagata, ba a sake ganinta ba tun Maris 2020. Kullen korona ya yi awon gaba da ita, ba ma ita aka nufa ba.

Af, kafin in manta, da gaske ne Bala ya fasa da 'yar Gwammaja? Habu ya rubuto min rabin zance ya ɓace, ka san halinsa. In gaskiya ne, a dawo min da kuɗin ankon da na tura, ban yafe ba.

Ranar Juma'a kuma muka kai tebur masallaci, ni na roƙa a sa ni. Jama'ar can Somaliyawa sun fi yawa, sai 'yan Senegal da Gini, da 'yan tsirarun namu. Muna zaune mutane na wucewa suna satar kallonmu, kamar masu tallan abin da ba a so. Can sai wani dattijo ya ji ina waya da Hausa, ya tsaya. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara 20 yana tuƙin tasi a nan. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, akwai alade a ciki?" Na ce Baba, wadda ake fesawa a hanci, FluMist, akwai sinadarin jelatin na alade a cikinta, ba zan ɓoye maka ba. Wannan ta allura da muka kawo babu, ga takardar kamfani. Ya sa tabarau ya bi jerin da yatsa, ko ya gane ko bai gane ba oho. Ya ce, to ba ita ce ke sa mutum murar ba? Na ce ƙwayar da ke ciki matacciya ce, iyaka dantse ya yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani ya ji ɗan zazzaɓi. Ya yi shiru, sannan ya naɗe hannun riga. Bayan ya tashi ya je ya turo min mutum 7.

Abokan karatuna suna ganin irin tambayoyin nan jahilci ne. Ni ban ga haka ba. Na gaya musu ni daga Kano nake, garin da aka yi gwajin maganin sanƙarau a kan yara a 1996, garin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma na biyun bai rasa nasaba da na farkon. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na ce wa Baba babu komai a ko wacce, ya je ya gano zancen ta hancin daga baya, na rasa shi har abada, da shi da mutum bakwai ɗinsa.

Ina ta surutun kula da ma'aunin sanyi, sai yanzu na tuna halin da kuke ciki. Na ga labarin duhun da Arewa ta shiga tun farkon makon nan. Yaya kake yi da insulin ɗin da ke firjin shago? Da man fetur ya haura naira 1,000, janareta ai sai dai a gaisa. Ka gaya min gaskiya, in abin ya yi tsanani mu san yadda za a yi ko ƙaramar sola ce a haɗa. Kuma don Allah, hunturu na tafe, ka daina miƙa wa duk mai tari da majina Ampiclox. Kar ka ce ba ka yi, na zauna a shagon nan na gani da idona. Ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan. A nan mai fulu Tamiflu ake ba shi, shi ma sai an fara cikin awa 48 yake yin tasiri sosai.

Garin kuwa yanzu gwanin kyau, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa suna ta zuba. Su ma kaka suke kiran lokacin, kuma Oktoba ce watan masu harhaɗa magunguna a ƙasar, don haka kusan kullum da wani taro. An yi bikin sanya wa sababbin ɗalibai farar riga, iyaye na ta hawaye, ni ina ta tuna namu da babu wanda ya zo min. An yi ranar da kamfanoni da asibitoci ke zuwa farautar ma'aikata, na sa kwat ɗin aurenka, har yanzu tana shiga da ƙyar. Jiya Asabar kuma ranar mayar da ragowar magunguna ce ta ƙasa baki ɗaya, muka tsaya tare da 'yan sanda a wurin ajiye motoci, mutane na miƙo leda-leda ta taga. Wata ta kawo na mijinta da ya rasu, kwalabe sun fi 30, ta ƙi sakin ledar sai da ta ɗan tsaya. Duk ƙonawa za a yi. Na ce a raina, da a unguwarmu ne, kafin sadakar uku an rabe su gida-gida.

Wanda ya fi ba ni takaici kabewa ce. Kowace ƙofa an ajiye ƙatuwa, an fafe ta an yanka mata ido da haƙora, wai ado ne na bikin Halowin da za su yi ranar Alhamis, daga nan ta ruɓe a zubar. Kar ka gaya wa Hajiya, za ta ce a kawo mata su ta yi taushe na shekara. Na sayi ɗaya dala 4 na gwada, babu yakuwa, babu daddawa, abin da ya fito ba shi da suna.

Ranar Lahadi mai zuwa za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, tazararmu ta koma awa 6 maimakon 5, saboda haka in ka tashi kirana bayan asuba ka tuna ni tsakar dare ne. Ranar Talata ina da wani zagayen allurar a gidan tsofaffi, an ce mutum 60 ne, yawancinsu fata da ƙashi, dantsen ma sai an nema. Ka sa ni a addu'a, wannan karon shekaru zan fara dubawa.

Ƙanin matar Habu zai taso ranar 10 ga wata. A ba shi kuka da daddawa da yajin Hajiya, a ɗaure da kyau a rubuta suna a jiki. Ban da kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi, na Sallah ma a kwandon shara ya ƙare ina kallo.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida amarya, da Bala in yana cikin hayyacinsa.

Naka,
Likitan Ɓeraye mai ritaya